Furotin daga ƙwayoyin bakteriya: daga tafkunan jatan lande zuwa kwamin tarwaɗa a arewacin Jigawa

Tsadar abinci ita ce babbar matsalar da ke ci wa masu kiwon halittun ruwa tuwo a ƙwarya, kama daga manyan kamfanonin da ke kiwon jatan lande a gaɓar tekun Ekwado da Indiya, har ya zuwa ga mai kwami biyu ko uku na tarwaɗa a bayan gidansa a garin Gumel.

A Nijeriya dai abincin kan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da mai kiwo ke kashewa kafin kifinsa ya isa kasuwa. Abin da ke sa abincin tsada kuwa shi ne sinadarin gina jiki, wato furotin, wanda aka saba samowa daga garin kifi da kuma waken suya.

Wannan ne ya sa masana kimiyya suka mai da hankali ga wata hanya ta dabam: a renon ƙwayoyin bakteriya marasa cutarwa, a kuma ciyar da jatan lande ko kifi da su. Ana yin hakan ta hanyoyi biyu, ko dai a masana'anta, ko kuma a cikin ruwan da ake kiwon. Kowace daga cikinsu na da nata tarihin da nata tsadar, kuma ɗaya ce kawai ke kusa da hannun mazauna yankin Maigatari.

Jatan lande da garin kifi

Jatan lande ba baƙo ba ne ga masu girki a arewacin Nijeriya, ko da yake akasari busasshe suka san shi, irin wanda ake kawowa daga kudu ana dakawa a zuba a miya. Wanda ake kiwo a ƙasashen waje ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, kuma yana daga cikin kayan ruwa mafi daraja a cinikin duniya. Ƙasashen Sin da Ekwado da Indiya da Biyetnam da Indunusiya su ne kan gaba wajen samar da shi.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa a shekara ta 2022 ne, a karon farko a tarihi, halittun ruwan da aka kiwata suka zarce waɗanda masunta suka kamo. An samu tan miliyan 94.4 daga kiwo, wato kashi 51 cikin 100 na jimlar.

To sai dai kifin kiwo da jatan lande su ma kifi suke ci. A kowace shekara duniya na samar da garin kifi kimanin tan miliyan 5, kuma sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo 1 na garin. Ƙasar Peru ce ta fi kowace samar da shi, daga wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira ancobeta. Duk shekarar da ruwan tekun Pasifik ya ɗumama sakamakon yanayin El Nino, kifin kan yi ƙaranci, farashi ya tashi a ko'ina. Hakan ya faru a shekarar 1972, lokacin da kamun kifin na Peru ya durƙushe, ya kuma sake faruwa a shekara ta 2023, lokacin da gwamnatin ƙasar ta soke zangon farko na kamun baki ɗayansa.

Afirka ta Yamma ma ta shiga cikin lamarin. An kakkafa masana'antun garin kifi a Nuwadibu ta ƙasar Muritaniya, da Senegal, da kuma garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong na ƙasar Gambiya. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a shekara ta 2021 ya ce ana kwashe fiye da tan dubu 500 na ƙananan kifaye a kowace shekara daga ruwan yankin domin yin gari da mai, kifin da a cewarsu zai iya ciyar da mutane miliyan 33. Kifin talaka ne, wanda mata ke banda su sayar, ake mayarwa abincin kifin da za a ci a Turai da Asiya.

Waken suya ya rage wa garin kifi nauyi sosai. A shekarun 1990 fiye da rubu'in abincin jatan lande garin kifi ne, daga baya aka yi ta ragewa. Amma waken yana da iyaka. Furotin ɗin da ke cikin dusarsa bai wuce kashi 44 zuwa 48 cikin 100 ba, alhali garin kifi mai kyau kan kai kashi 65 ko fiye. Yana kuma da ƙarancin wani sinadari mai suna metiyonin, sannan idan ya yi yawa yakan dami hanjin wasu kifayen.

Ba kowace ƙwaya ce ta cuta ba

Kalmar da aka fi amfani da ita a Hausa wajen fassara bakteriya ita ce ƙwayoyin cuta, wanda hakan kan sa mai sauraro ya ɗauka cewa dukansu abin gudu ne. A haƙiƙa kaɗan ne daga cikinsu ke haddasa cuta. Su dai halittu ne da ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma ɗakin girkin Bahaushe ya daɗe yana cin moriyarsu ba tare da an raɗa musu suna ba.

Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ne ke sa gasara ta yi tsami. Daddawar kalwa kuwa aikin wata ƙwaya ce da masana ke kira Bacillus subtilis, wadda ke narka 'ya'yan ɗorawa a kwanakin da aka rufe su. Danginta ne kuma ke aiki a daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan zoɓo, amfanin gonar da manoman Maigatari da Sule Tankarkar suka sani ciki da bai. Har farin magi ma, wata ƙwayar bakteriya ce ake ciyarwa da sukari a manyan tankuna tana fitar da shi.

A duk waɗannan misalan, ƙwayoyin ma'aikata ne kawai. Inda ake cin su kansu a matsayin abinci, misali mafi kusa yana ƙasar Chadi. Matan ƙabilar Kanembu da ke gabas da arewa maso gabashin Tafkin Chadi sun daɗe suna yaɗe wani koren abu mai kama da gansakuka daga saman tafkunan kanwa, su zuba shi a ramin yashi ya tsane, rana ta busar da shi, su yayyanka su kai kasuwa. Suna kiransa dihe, ana kuma yin miya da shi a ci da tuwon gero. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Leonard, ya ci karo da shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960. Bincike ya nuna cewa spirulina ce, wadda kimiyya ke lissafawa cikin dangin bakteriya, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na busasshenta furotin ne.

Abin da ke jan hankalin masana shi ne saurin hayayyafarsu. Waken suya na buƙatar watanni uku zuwa huɗu da gona da ruwan sama. Ƙwayar bakteriya kuwa kan ninka yawanta cikin 'yan sa'o'i, dare da rana, rani da damina, muddin ta samu abin ci.

Masana'antun da suka tashi suka faɗi

Neman furotin daga ƙananan halittu ya kankama ne a shekarun 1960, lokacin da ake fargabar cewa yawan jama'a zai zarce abincin duniya. Kamfanin mai na BP ya fara renon yis a kan wani ɓangare na ɗanyen mai a Faransa da Sukotlan. Tarayyar Sobiyet ta gina manyan masana'antu na irin wannan aiki domin ciyar da dabbobinta.

Mafi shahara a cikinsu shi ne na kamfanin ICI na Birtaniya, wanda ya buɗe wata katafariyar masana'anta a garin Billingham wajen shekarar 1980. Tankinta guda ɗaya na ɗaukar lita miliyan 1.5, inda ake ciyar da bakteriya da sinadarin metanol. Garin da ake samu, mai suna Pruteen, ya ƙunshi furotin fiye da kashi 70 cikin 100, kuma dabbobi sun karɓe shi. Duk da haka masana'antar ba ta shekara goma ba aka rufe ta. Makamashi ya yi tsada, waken suya ya yi araha, garin bai iya gogayya a kasuwa ba.

Ƙasar Norway ta sake gwadawa a ƙarshen shekarun 1990, a wannan karon da iskar gas. Akwai wani rukuni na bakteriya da abincinsu shi ne iskar metan, wadda ita ce mafi rinjaye a gas ɗin da ake haƙowa. Wadda kamfanoni suka fi amfani da ita, Methylococcus capsulatus, nau'inta an samo shi ne daga ruwan zafin tsohon wurin wanka na garin Bath da ke Ingila, shi ya sa take son zafin da ya kai maki 45 a ma'aunin Selshiyos. Ana sa ta a cikin wani dogon bututun ƙarfe mai zagayawa, a riƙa hura mata gas da iskar oksijin, a ƙara amoniya da wasu ma'adinai. Idan ta yi kauri sai a tace, a kashe ta da zafi, a busar, a samu gari ko dunƙule mai launin ƙasa. Tarayyar Turai ta amince a sa shi a abincin kifin salmon tun shekarar 1995. Amma masana'antar kamfanin Norferm da ke Tjeldbergodden ita ma ta tsaya a shekara ta 2006, kuma farashin gas na daga cikin dalilan.

Kamfanin Calysta na Amurka ya sayi wannan fasaha a shekara ta 2014, ya sa wa garin suna FeedKind. Tare da kamfanin Adisseo sun gina masana'anta a birnin Chongqing na ƙasar Sin mai ƙarfin tan dubu 20 a shekara, wadda aka kunna a shekara ta 2022, kana hukumomin ƙasar suka ba da izinin amfani da garin a abincin kifi da jatan lande a farkon shekara ta 2024. Kamfanin Unibio na Denmark da String Bio na Indiya sun bi irin wannan hanya. A ƙasar ta Sin har ila yau, an ba da lasisi a shekara ta 2021 ga wani furotin da ake samu daga bakteriyar da ke cin hayaƙin masana'antar ƙarfe.

Idan aka auna tan dubu 20 da tan miliyan 5 na garin kifi, za a ga cewa tafiyar ko rabi ba ta yi ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Ta fuskar ingancin abinci, sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa. Garin bakteriyar metan na ƙunshe da furotin kimanin kashi 70 cikin 100, kuma tsarin sinadaran amino da ke cikinsa ya yi kusa da na garin kifi fiye da yadda na waken suya ya yi.

Gwaje-gwaje da dama a kan farin jatan lande, wanda shi aka fi kiwo a duniya, sun nuna cewa ana iya maye gurbin wani kaso mai tsoka na garin kifi ba tare da girma ya ragu ba. Wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Kasetsart ta ƙasar Thailand, aka kuma wallafa a shekara ta 2021, ya gano cewa jatan landen da aka ciyar da garin sun fi jure wa cutar da ke kashe su tun suna ƙanana. Wannan cuta, wadda ta ɓulla a Sin a shekara ta 2009, ta yi wa masu kiwo a Thailand mummunar ɓarna a shekarun 2012 da 2013. Ya kamata dai mai karatu ya san cewa da hannun kamfanin da ke sayar da garin aka yi binciken, kamar yadda yake a yawancin bincike irin wannan.

Akwai kuma naƙasu. Garin ba shi da man nan mai amfani da ake samu a jikin kifin teku, don haka dole a nemo shi daga wani wuri. Idan aka cika shi a abinci, wasu kifayen kan rage ci. Yana kuma ɗauke da sinadaran gado masu yawa, waɗanda kan iya jawo wa ɗan Adam ciwon gaɓoɓi idan ya ci da yawa, ko da yake jikin kifi na iya sarrafa su.

Hanya ta biyu: masana'anta a cikin kwami

Ɗaya hanyar ba ta buƙatar gas ko tankin ƙarfe. Ana kiranta bayofulok, kuma ta samo asali ne daga wata asara da kowane mai kiwon kifi ya sani, ko da bai san lissafinta ba.

Daga cikin sinadarin naitirojin da ke cikin abincin da aka watsa wa kifi, kimanin rubu'i ne kawai ke zama tsoka. Sauran yakan fita ta kashi da ta matsefin numfashi a matsayin amoniya, wadda guba ce. Shi ya sa mai tarwaɗa ke zubar da ruwan kwaminsa a kai a kai yana sake sabo. Ma'ana, kashi uku cikin huɗu na sinadarin da ya saya da tsada yana bin kwata.

Wani masani a jami'ar Technion ta Isra'ila, Yoram Avnimelech, ya bayyana a wata maƙala ta shekarar 1999 yadda za a juya wannan asara. Idan aka zuba wa ruwan wani abu mai sukari ko sitaci, bakteriyar da ke cikinsa za su samu ƙarfin cinye amoniyar su gina jikinsu da ita. A lissafinsa, ana buƙatar kimanin giram 20 na sitaci ko sukari domin kawar da giram 1 na naitirojin ɗin amoniya. Ƙwayoyin sai su cuccure tare da gansakuka da wasu ƙananan halittu su zama ɗan gudaji-gudaji masu yawo a ruwa, ruwan ya koma launin ƙasa-ƙasa. Jatan lande da karfasa kan tsince waɗannan gudajin su ci. Busasshensu na ɗauke da furotin kashi 25 zuwa 50 cikin 100, gwargwadon abin da aka zuba.

Ke nan abincin da aka saya sau ɗaya an ci shi sau biyu, ruwan kuma ba a zubar ba. Wata gonar jatan lande a ƙasar Belize ce ta fara nuna cewa hakan na yiwuwa a babban sikeli a ƙarshen shekarun 1990, daga nan dabarar ta bazu zuwa Indunusiya da Malesiya da Brazil da Koriya ta Kudu. A Indunusiya har ƙananan masu kiwo sun ɗauke ta suna amfani da ita a zagayayyun tankunan tamfol, kuma kifin da suke kiwo a ciki shi ne tarwaɗar Afirka, irin wadda ake kiwo a Nijeriya.

Abin da ake zubawa ba baƙo ba ne: kakkauran ruwan raken da ke saura a masana'antar sukari, ko garin rogo, ko dusar shinkafa ko ta alkama mai laushi.

Sharaɗin dabarar guda ɗaya ne, amma mai tsauri. Dole a riƙa hura iska a cikin ruwan ba dare ba rana, domin biliyoyin ƙwayoyin nan su ma numfashi suke yi, kuma idan ruwan ya daina motsi gudajin kan kwanta a ƙasa su ruɓe. A tankin da aka cika da jatan lande ko karfasa, tsayawar injin hura iska na sa'a ɗaya ko biyu ya isa ya hallaka kiwon watanni. Sannan sai an riƙa auna amoniya da tsamin ruwa da yawan gudajin, a kuma rage su idan sun yi yawa.

Ita tarwaɗa tana da sauƙi ta wani ɓangaren, tun da tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sarari. Amma ba ta ƙware wajen tace ƙananan gudaji kamar karfasa ba, musamman idan ta girma. Ribar da ake samu a kanta ta fi bayyana wajen tsimin ruwa da kuma rayuwar 'ya'yan kifi, fiye da wajen rage buhunan abinci.

Me ya haɗa Maigatari da wannan?

Yankin ciniki maras shinge na Maigatari mallakar gwamnatin jihar Jigawa ne, kuma ya samu lasisi daga hukumar NEPZA a shekara ta 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Yana cikin masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a kan iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. An san yankin da riɗi da zoɓo da ƙaro, da kuma kasuwar dabbobi ta ƙasa da ƙasa da ke ci kowace Alhamis.

Kiwon jatan lande ba sana'ar wannan yanki ba ce. Tsakaninsa da teku ta hanyar mota ya haura kilomita dubu 1, kuma babbar gonar jatan lande da aka sani a Nijeriya ita ce wadda kamfanin Atlantic Shrimpers ya kafa a Badagry ta jihar Legas. Gaskiya ne cewa ana kiwon farin jatan lande nesa da teku a wasu wurare, kamar jihohin Haryana da Punjab na Indiya, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke da gishiri. To amma hakan na buƙatar jigilar 'ya'yan daga bakin teku, da wurin sanyaya kaya, da masu saye da ke da kuɗi. Ga kuma hunturu: jatan lande da karfasa sun fi son ruwa mai ɗumin maki 26 zuwa 30, alhali a daren watannin Disamba da Janairu sanyin arewacin Jigawa kan sauko ƙasa da haka sosai, kifi ya daina ci.

Inda batun ya shafi yankin kai tsaye shi ne kifi. Ƙididdigar da gwamnatin tarayya ta sha bayarwa ita ce Nijeriya na buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da ɗan abin da ya haura tan miliyan 1. Fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ta daɗe tana wadata kasuwannin Jigawa da bandar kifi, ta rage ambaliya tun bayan gina madatsar Tiga a shekarar 1974 da ta Challawa a shekarar 1992. Giɓin ya koma kan kiwo, kiwo kuma ya koma kan abinci.

Akwai masana'antun abincin kifi a cikin gida, kamar na Grand Cereals a Jos, da Skretting a Ibadan, da kuma na Olam da aka buɗe a Ilorin a shekara ta 2017. Amma garin kifi mai inganci da wasu sinadaran daga waje ake shigo da su. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon shekara ta 2024, farashin buhun abinci ya bi ta, masu kiwo da dama suka kafe kwamayensu.

Waɗanda suka daure sun koma haɗa abinci da kansu, da ƙuli-ƙuli da waken suya da garin jini da dusa. Wasu kuma kan jefa wa tarwaɗa kayan cikin kaji, ko ma mushen kajin, abin da ke ɓata ruwa, yake kuma sa wasu masu saye ƙyamar kifin kiwo, ganin irin bahasin da malaman fiƙihu suka yi a kan jallala, wato dabbar da ke rayuwa a kan ƙazanta. Shi kansa ƙuli-ƙulin, idan gyaɗar ta yi funfuna, yana ɗauke da gubar da ke lalata hantar kifi.

A kan takarda, masana'antar furotin daga gas ta dace da Nijeriya. Ƙasar na da gas da ya haura ƙafa tiriliyan 200, kuma ana ƙona wani ɓangarensa a banza a yankin Neja Delta. Dokar yankunan ciniki maras shinge ta shekarar 1992 ta kuma yafe harajin shigo da injuna. Amma Maigatari ba ta da gas. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, a Kano aka tsara zai tsaya, fiye da kilomita 100 daga bakin iyakar. Masana'anta irin wannan na kuma shan wutar lantarki da ruwan sanyaya injuna masu yawa, domin ƙwayoyin kan fitar da zafi sosai sa'ad da suke girma. Abin da ya kayar da Billingham da Tjeldbergodden, inda gas da wuta ke bakin ƙofa, ba zai yi wa garin da ke jiran su sassauci ba. Hatta kasuwar Nijar da yankin ke taƙama da ita ba ta da tabbas: an rufe iyakar daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na watan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Bayofulok kuwa ya zo daidai da babban rashin yankin, wato ruwa. Ruwan saman da ake samu a arewacin Jigawa bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, kuma a watanni uku zuwa huɗu yake sauka. Babu babban kogi a masarautar Gumel, saboda haka mai kiwo da rijiyar burtsatse ya dogara, kowane sauyin ruwa kuwa kuɗin mai ne, wanda ya ninka tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023. Dusar shinkafa na samuwa daga injinan casa na Haɗeja da kewaye. Tunkuzar riɗi, idan ana matse mai a yankin maimakon fitar da ƙwayar ɗanya, tana da wadatar metiyonin ɗin nan da waken suya ya rasa.

Abin da ya rage shi ne wutar da ba ta ɗaukewa. Faifan hasken rana na iya juya injin hura iska da rana, amma da dare ne iskar oksijin ta fi ƙaranci a ruwa, musamman gab da asuba. Mai son gwada dabarar a Gumel ko Gagarawa sai ya haɗa kuɗin batura da na ƙaramin janareta na ko-ta-kwana cikin lissafinsa, tare da kayan awon ruwa, sannan ya auna jimlar da yawan buhunan abinci da litocin man da yake sa ran ragewa a zango guda na watanni huɗu zuwa shida.